Sulhu Tsakanin Miji da Mata: Daga Madina Zuwa Bakin Tafkin Madarumfa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta aure, Ya sanya shi sutura da natsuwa ga bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa masu saurare, na cikin garin Madarumfa, da na Gabi, da Safo, da Jiratawa, da Sarkin Yamma, da Ɗan Isa, da duk inda wannan murya ta kai: mun kwana biyu muna bayanin hukunce-hukuncen azumi, yau kuwa za mu shiga cikin gida. Ba mu fita daga babin azumi ba, domin a tsakiyar ayoyinsa, a aya ta 187 ta Suratul Baƙara, Allah Ya kamanta miji da mata da tufafin juna. Riga idan ta yage, mai hankali maɗinki yake nema kafin ya yi tunanin yar da ita. Wannan ɗinki shi ne sulhu, kuma tarihinsa za mu bi a wannan dare.

Abin da ya sa muka zaɓi tarihi, mun ga mutanenmu sun kasu biyu. Wasu matasa suna zaton zaunar da miji da mata a saurare su, a ba su shawara, baƙon abu ne da ma'aikatan ƙungiyoyi suka zo da shi daga ƙasashen Turawa. Wasu dattawa kuwa sun ɗauka sulhu bai wuce a ce wa mace ta yi haƙuri ta koma ɗakinta ba. Idan muka bi abin daga tushe za mu tarar addini ya riga kowa, kuma abin da ya shimfiɗa ya fi kalmar haƙuri nauyi.

A Madina

Saɓani bai bar ko gida mafi daraja ba. Ya zo a cikin ingantaccen hadisi cewa wata rana Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya shiga gidan ɗiyarsa Nana Faɗimatu bai tarar da Sayyidina Aliyu ba. Sai ya tambaye ta ina ɗan baffanta. Ta gaya masa wani abu ya shiga tsakaninsu, ya yi fushi ya fita. Aka gano shi kwance a masallaci, mayafinsa ya zame, ƙasa ta ɓata masa jiki. Manzon Allah ya je da kansa, yana kakkaɓe masa ƙasar, yana kiransa da alkunyar Abu Turab, wadda Aliyu ya fi so fiye da kowane suna bayan wannan rana. Malamai sun lura da cewa da sunan zumunta ya ambace shi a gabanta, don ya tausasa zuciyarta. Uba ne, amma bai ɗauki ɓangaren ɗiyarsa ba, bai kuma tsaya ƙidayar laifi ba, saboda ya ga abin ƙarami ne, tausasawa ta ishe shi.

Inda abu ya yi girma kuwa, ya saurara har ƙarshe. Khaulatu ɗiyar Sa'alaba ta zo tana ƙarar mijinta Ausu ɗan Samitu, wanda ya yi mata zihari, wato ya kamanta ta da mahaifiyarsa bisa al'adar jahiliyya, ya bar ta ba matar aure ba, ba sakakkiya ba. Ta faɗi ƙuruciyarta da ta ƙare a gidansa, da ƙananan ƴaƴan da ba ta san yadda za ta yi da su ba. A kan kukan wannan tsohuwa farkon Suratul Mujadala ya sauka, aka ɗora wa mijin kaffara. Da aka ga ba shi da halin biya, Manzon Allah ya taimaka da dabino, ita ma ta ƙara nata, aure ya tsaya.

Akwai kuma wuraren da sulhu bai kai ga komawa ba. Barira, bayan an ƴanta ta, shari'a ta ba ta zaɓi, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu. Ya riƙa bin ta a titunan Madina, hawaye suna zuba a gemunsa. Manzon Allah ya yi mata magana ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya nuna mata ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da bukata, kuma ba a tilasta ta ba. Haka matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta bayyana cewa ba ta zarginsa a addini ko hali, zaman ne ba za ta iya ba. Aka umarce ta ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, shi kuma ya sake ta saki ɗaya. Wannan shi ne asalin hul'i.

Sa'annan Alƙur'ani ya ɗora nauyin a kan jama'a. A aya ta 35 ta Suratun Nisa'i an umarci masu iko da dangi, idan suka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, su tashi mai hukunci ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Larabawa suna kiransu hakamani. A aya ta 128 ta wannan sura kuma an ambaci matar da take tsoron ƙyama ko juya baya daga mijinta, aka fifita sulhu. Ashe tun daga farko Littafi ya san laifi yana iya fitowa daga kowane ɓangare.

Zamanin halifofi

A zamanin Sayyidina Umaru wata mata ta zo tana yabon mijinta, wai yana yini da azumi, yana kwana da tsayuwa. Umaru ya sa masa albarka, matar ta juya cikin kunya. Ka'abu ɗan Suru, da yake zaune a wurin, ya ce ai ƙara ta kawo, ibadar mijin ta hana ta haƙƙinta. Umaru ya ce tun da shi ya gane, shi zai yi hukunci. Ka'abu ya ba ta dare ɗaya cikin huɗu, bisa ƙiyasin mai mata huɗu. Saboda wannan basira Umaru ya naɗa shi alƙalin Basra. Masu shirin shiga i'itikafi su bar gida babu hatsi babu cefane, su ji wannan. Masu sulhu kuma su gane cewa mace mai kunya ba ta faɗin damuwarta a fili, sai an iya saurare.

A zamanin Sayyidina Usmanu aka samu saɓani tsakanin Aƙilu ɗan Abu Ɗalib da matarsa Faɗimatu ɗiyar Utba. Halifa ya tashi Abdullahi ɗan Abbas daga dangin miji, da Mu'awiya daga dangin mata. Ɗan Abbas ya nufi rabawa, Mu'awiya ya ƙi yarda a raba dattawa biyu na gida ɗaya. Ko da suka isa, suka tarar ma'auratan sun rufe ƙofa sun shirya tsakaninsu. Sau da yawa sanin cewa manya suna tafe ya isa ya sa kowa ya shiga taitayinsa.

Abin da littattafanmu suka tsara

Imamu Malik, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan Hijira, ya keɓe wa hakamani babi a cikin Muwaɗɗa. A mazhabarsa su alƙalai ne a cikin wannan matsala, suna da ikon haɗawa da ikon rabawa ko da miji bai wakilta su ba. Imamu Abu Hanifa yana ganin su wakilai ne, ba su raba aure sai da izini. Mu a wannan ƙasa a kan maganar Malik muke.

Shaihu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 8, ya jera matakan a cikin Muhtasar, littafin da ɗalibi yake kaiwa bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Askari. Idan ƙara ta yawaita kuma ba a san mai laifi ba, alƙali ya zaunar da su a tsakanin mutanen kirki waɗanda za su shaidi abin da yake gudana. Idan abin bai warware ba, ya tashi hakamani, maza adalai masu sanin hukuncin abin da aka aike su, daga dangin biyu idan an samu, kuma an so su kasance maƙwabta. Aikinsu na farko gyara. Idan gyara ya gagara, su duba: in miji ne mai cutarwa, su raba ba tare da matar ta biya kome ba, in matar ce, su bar ta a hannunsa bisa amana ko su raba da hul'i. Ba su wuce saki ɗaya. Ibnu Asim na Garnaɗa a Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 829, ya ƙara bayani a cikin Tuhfa, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, cewa cutarwa tana tabbata da shaidu, tana kuma tabbata da labarin da ya bazu a bakin maƙwabta.

Duk wannan tsari, daga farkonsa zuwa ƙarshensa, an gina shi a kan bincike. Babu inda aka ce a mayar da mace ba a san abin da ya fitar da ita ba.

A ƙasar Hausa

Waɗannan littattafai sun ratso Sahara tare da fatake da malamai. Wajen 1493 Shaihu Magili ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kuma zauna a Katsina. Cikin nasihar da ya rubuta wa sarki akwai cewa ya riƙa zama kullum a inda mata da yara za su iya isa gare shi da kukansu. Katsina ta zama garin ilimi, garin Gobarau da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Bayan ƙarni uku Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da suke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci, ya kuma gargaɗi mata game da masu yi musu wa'azin biyayyar miji ba tare da wa'azin biyayyar Allah da ManzonSa ba. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara jajis, dattawan mata masu zagaya ƙauyuka suna karantar da ƴan uwansu.

Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta na dā suka yiwo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. An shekara da shekaru ana yaƙi tsakanin Maraɗi da daular Sakkwato, wannan yanki namu yana tsakiya. Amma Risalar da ake karantawa a zaurukan can ita ake karantawa a nan, kuma auren da aka ɗaura a Jibiya ba a sake ɗaura shi a Madarumfa.

Tare da littafi, al'ada ta yi nata tanadi, wato yaji da biko. Mace idan zama ya yi mata zafi sai ta tafi gidan iyayenta ko na alwalinta. Ba saki ba ne, kira ne ga manya su zo su duba. Miji ba ya zuwa shi kaɗai. Baffansa ko aminin mahaifinsa yake turawa. Kafin su iso, inna ko gwaggo ta riga ta keɓe da yarinyar a ɗaki ta ji abin da ba a faɗa a gaban maza. Sai a zauna a zaure, dattijon miji ga shi, dattijon mata ga shi, a faɗa wa mai laifi laifinsa, wani lokaci a sa miji ya yi mata zane ko turmi na ban haƙuri. In ya gagara a je wurin liman, daga nan mai gari, daga nan fada da alƙali. Wanda ya duba da kyau zai ga hakamani ne suka sa rigar Hausa.

Zamanin Nasara da bayansa

Da Faransa ta mallaki wannan ƙasa a farkon ƙarni na 20, ta bar sha'anin aure da saki da gado a hannun kotunan al'ada, inda sarakuna da malamai suke zama. Bayan samun mulkin kai a 1960, dokar tsarin shari'a ta 1962 ta tabbatar da cewa a waɗannan matsaloli al'adar masu ƙara ake bi, dokar 2004 ta sake tabbatar da haka, alƙalin gwamnati yana zama da mataimaka masana al'ada, waɗanda a yankinmu galibinsu malamai ne. Doka ta kuma ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a rubuta takardar sulhu. Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda aka kafa a 1974 zamanin Seyni Kunce, ta daɗe tana karɓar ƙorafin ma'aurata. An yi yunƙurin kafa dokar iyali guda ɗaya a farkon shekarun 1990, aka sake yi a 2011, duka biyu ba su tabbata ba. Ma'anar wannan ita ce har yau nauyin yana wuyanmu, mu limamai da sarakuna da iyaye. Tun da muka ce shari'armu ta ishe mu, wajibi ne mu tsayar da ita yadda take.

Wasu ƙasashen Musulmi sun mayar da abin hukuma. A Kano an kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, sasanta ma'aurata yana cikin manyan ayyukanta. A Maroko, ƙasar Malikiyya irin tamu, dokar iyali ta 2004 ta hana saki ya kammala sai a gaban alƙali, bayan an gwada sulhu.

Kuskuren da muka yi da hannunmu

Ba za mu ɓoye muku namu ba. Bayan farin 1984, wanda mutanen Maraɗi suke kira El-Buhari, muna samari a gaban malaminmu, Allah Ya jiƙansa, sai ya aike mu wani ƙauye a kan wata mata da ta yi yaji karo na uku. Muka tarar da ita a bayan ƙyaure, da goyo. Muka buɗe baki muka zuba mata ayoyi da hadisai a kan haƙƙin miji, ba mu yi mata tambaya ko ɗaya ba. Ta ce ta ji, ta bi ƴan biko. Muka komo muna jin mun yi aiki. Malam ya dube mu ya ce: "Ka ji ta bakinta?" Muka yi shiru.

Daga baya muka sani mijin ya sayar da ɗan abin da ya saura a rumbu, ya sayar da awakinta, ya bar ta da yara a kan tafasa, in ta yi magana ya doke ta. Maƙwabta duk sun sani, ba wanda ya tambaye su. Kafin kaka goyon nan ya rasu. Ajali na Allah ne, ba mu ja da wannan. Amma da mun bi abin da muka karanta a Muhtasar, da an ɗora wa dangin mijin ciyarwa, ko an bar ta gidan iyayenta har a ga sabon hatsi. Auren ya mutu a gaban alƙali, gidaje biyu masu kaka ɗaya suka daina gaisawa. Shekara arba'in ke nan muna neman gafara a kan wannan zama.

Halin da muke ciki

Yau magidanta da yawa suna tafiya biɗa, wasu Libiya, wasu Aljeriya, wasu wuraren haƙar zinariya irin Jado tun 2014. Mace tana shekara biyu ba aike. Tsegumi yana isa ga miji ta salula kafin gaskiya ta isa, sai ya aiko saki uku a saƙon murya na WhatsApp, ba dattijon da ya sani. Washegari a zo wurin malam ana neman mafita, har a kai ga auren kisan wuta, wanda Manzon Allah ya la'anci mai yinsa da wanda aka yi dominsa. Wadda aka saka kuwa a ranar take kwashe kayanta, alhali farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana fitar da ita daga ɗakinta a cikin idda, domin a cikin wannan zama ake sa ran zuciya ta sauko a yi kome. A watan nan ma, yunwar la'asar da rigimar kayan Salla da rabon kwana suna kashe auren da ya shekara ashirin.

Saboda haka muna kira da abin da tarihin nan ya koya mana. Alwali da wakili su sani aikinsu bai ƙare da rabon goro ba. Su ne hakamani na farko, kuma ya kamata ango da amarya su san tun ranar ɗaurin aure wa za su nufa idan abu ya taso. Kada a yi biko sai an ji kowa shi kaɗai, matar kuma a ji ta a gaban dattijuwar da ta amince da ita. A tambayi maƙwabta, su kuma su faɗi gaskiya don Allah. A faɗa wa mai laifi laifinsa, namiji ne ko mace, domin akwai mazan da su ma ake cuta, kunya ta hana su faɗa. Abin da aka yi alkawari a rubuta shi, a sa ranar da za a dawo a duba. Inda akwai duka da rauni, a kai ta likita, kuma kada a mayar da ita sai an tabbatar da amincinta. In mijin ya ƙi, alƙali yana nan. Mai sulhu ya riƙe sirri, abin da ya ji a zaure kada ya kai shi majalisa. Idan rabuwa ta zama dole, a yi saki ɗaya cikin tsarki, a ciyar da ita har ta gama idda, kuma a tuna cewa a mazhabar Malik renon yaro yana hannun uwa har ya balaga, na yarinya har ta tare a gidan miji, matuƙar uwar ba ta yi wani aure ba, ciyarwa kuwa tana kan uba.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa gyara tsakanin mutane ya fi darajar nafilar azumi da salla da sadaka. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana bijiro da ayyuka ranar Litinin da Alhamis, a gafarta wa bayi, ban da biyun da suke gaba, su a jinkirta musu har su shirya. Goman ƙarshe tana tafe. Wanda matarsa take gidansu a yaji, ya tashi dattijo gobe, kada ya bari sai bayan Salla. Wanda kuma aka aika, ya fara da tambaya.

Allah Ya daidaita tsakanin ma'auratanmu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya ba marasa aure abokan zama na gari, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da bayinSa na gari da suke kwance a gefen wannan tafki. Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.